Gwankin Inna Laraba

Tun ranar da na dawo daga hayin ruwa sanye da takalman da ba nawa ba, ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a kasuwar kifi a tare ni, a majalisarmu kuwa kowane yammaci sai wani ya ce in sake daga farko. Har na ji wani ɗan kabu-kabu yana gaya wa fasinjansa wai zaki na je yi wa allura. To, kafin zakin ya zama giwa, gara in rubuta abin da ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a Yelwa. Na daɗe ina bin shanu da tumaki, mutane suna ce mini Likita, ni kuma na gaji da gaya musu ban kai ba.

Farkon damina ne, ruwa ya sauka sau uku ko huɗu, abokina Bulus ya bugo mini waya. Tare muka yi makaranta, yanzu yana koyarwa a Wara, amma mahaifiyarsa da danginsa suna wata 'yar tunga a ɗaya gefen babban tafkin madatsar ruwa.

Ya ce, "Likita, Autan Inna ba shi da lafiya. Kwana biyu bai ci komi ba, fitsarinshi kuma ja wur."

Na ce, "Subhanallahi! To mi kuke jira? Ku kai shi asibiti mana!"

Ya ce, "Asibiti ba su karɓar mai ƙaho."

Abin ya ɗaure mini kai, don a sanina Bulus ne autan gidansu. Sai ya yi mini bayani. Shekara biyu da suka wuce aka yi gobarar daji, mahaifinsa ya tsinci ɗan gwanki kwance kusa da uwarsa da wuta ta ci. Ya saɓo shi ya kawo gida, mahaifiyar Bulus, Inna Laraba, ta raine shi da nonon saniya. Bayan 'yan watanni tsohon ya rasu. Tun daga nan ta ƙwace wa Bulus sunan Auta ta ba gwankin. Sannan ya ƙara da abin da ya sa na miƙe tsaye: ɗaya daga shanun huɗar Maigari ya mutu da irin wannan fitsarin, wasu biyu sun kwanta, mutanen tunga kuma sun ce naman dajin nan ne ya kawo musu ciwo. An ba Inna zuwa ranar Lahadi, ko ta yarda a yanka shi, ko a yanka ba da yardarta ba.

Ranar Alhamis da safe na haɗa akwatina na shiga motar Wara. Mu bakwai a ƙaramar mota, ban da buhunan albasa da suka hana but ɗin motar rufuwa. Kusa da ni wata Hajiya ce mai sayar da kifin banda. Da ta ji aikina, tun daga Birnin Yauri ta fara lissafa mini ciwon gwiwarta. Na ce mata ni na dabbobi ne. Ta ce, "To gwiwa ai gwiwa ce, Malam." A wani shinge aka ce in buɗe akwati. Mai duban ya ɗaga babban sirinjin shanu, ya juya shi, ya dube ni, ya ce wa nake yi wa wannan. Hajiya ta riga ni amsawa, ta ce masu yawan tambaya. Shi kansa sai da ya yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

A Wara na sami Bulus yana jirana a bakin ruwa tare da mai jirgin da zai ƙetare da mu, wani dattijo Basarke, jinin masunta, mai suna Gado. Nan zan faɗi abin da 'yan majalisa suka daɗe da sani: an haife ni a bakin kogi, amma ban iya ruwa ba, kuma ba na son shi sai a buta. Gado ya miƙo mini rigar ruwa mai hana nutsewa, na ɗaure ta tamau har numfashi yana yi mini wuya. Ya dube ni ya ce, "Wanga mutum, Bayawuri na kuwa?" Bulus ya ce a takarda dai haka aka rubuta.

Ruwan tafkin ya ja baya sosai a lokacin, kututturan itatuwa sun fito ko'ina kamar haƙoran tsoho. Gado yana ratsa su da hannu ɗaya a kan inji, ko kallonsu ba ya yi. Da muka yi nisa ya rage wuta, ya nuna ƙasa da leɓe, ya ce garin kakansa yana nan ƙarƙashinmu, da masallacinsa da rijiyarsa, tun lokacin da aka tare kogin. Ya ce duk sa'ad da ya zo wucewa yakan yi musu sallama. Na yi sallamar ni ma, a hankali. Can gaba kuma ya ce, "To Likita, ka bar Kabi, ka shigo Neja." Na duba hagu na duba dama, ruwa ne kawai, ba shinge, ba tuta, ba mai tambayar takarda. Na ce a ina iyakar take? Ya ce inda man jirginsa ya kai rabi.

Jirgi bai iya kai mu gaɓa ba. Aka ce sai mu taka. Bulus ya naɗe wando ya yi gaba da akwatina a kai, ni kuma na ƙi cire takalma don tsoron abin da zan taka. Taki na biyar laka ta riƙe na dama, na ja ƙafa ta fito ita kaɗai. Na sunkuya in lalubo shi, na hagu ma ya tafi. Haka na shiga tungar mutane ba takalmi, laka har gwiwa, da rigar ruwa a wuya don na manta ban mayar ba. Matan da ke dawowa daga gona suka tsaya suna gaishe ni da ladabi, suna danne dariya. Abin da na fara lura da shi ke nan: kayansu a kafaɗa suke ɗauka, ba a ka ba. Ƙwarya cike da itace, a ɗora ta a bayan wuya, a tafi ana hira. Na tambayi Bulus dalili, ya ce kai ai na tunani ne, ba a yi shi don dako ba.

Inna Laraba ba ta fito tarbarmu ba. A bayan rumbu muka same ta, zaune a ƙasa, 'yar ƙaramar tsohuwa da zanen gado a fuska, kan gwankin a cinyarta. Na sha ganin gwanki a hoto, na taɓa ganin fatarsa, amma ban taɓa tsayawa kusa da mai rai ba. Ya kusa kai ɗan maraƙi babba, kunnuwa dogaye kamar na jaki, fuska baƙi da fari, ƙahonin sun fara lanƙwasa baya. Numfashi yake da sauri, cikinsa yana ɗagawa.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da Hausarta mai nauyin harshen Kambari, ta ce, "Kai na Likita? Ga ƙanenka nan. In ka iya, ka iya. In ba ka iya ba, ka gaya mini gaskiya."

Na ce, "Inna, bari in duba tukuna."

Jikinsa zafi rau. Na buɗe fatar idonsa, fari fat, har da ɗan rawaya, dasashinsa ma haka. Na ɗaga kunne, na duba ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi: kaska ce jere, wasu sun sha jini sun kumbura kamar ƙwayar gyaɗa. Inda ya yi fitsari ƙasa ta rine kamar an zubar da zoɓo. Ban bukaci ƙarin bayani ba, amma na tsaga bakin kunnensa kaɗan na shafa jinin a gilashi don in duba a madubin duba ƙwayoyin cuta in na koma. Daga nan na je garken Maigari. Shanun nan biyu duk labarin ɗaya ne, su ma na shafa jininsu a gilashi.

Ciwon nan ba baƙo ba ne a wurina. Kaska ce take ɗauke da wata ƙwayar cuta, in ta ciji dabba ta zuba mata, ƙwayar ta shiga jini tana farfasa shi, abin da ya farfashe ya fito ta fitsari. Dabba tana tsaye jininta yana ƙarewa. Muna makaranta wani malaminmu ya taɓa nuna mana hoton wata irin barewa ta ƙasashen ƙanƙara, mai girman doki, ƙahonta kamar rassan itace, ya ce har ita wannan ciwo yana kayar da ita, a can ma kaskar ce. A ranar na yi mamaki, ban san wata rana zan durƙusa gaban ɗan uwanta a bayan rumbu ba.

Shanun ba su ba ni wahala ba. Na sa aka tafasa ruwa ya huce, na dama garin maganin nan mai rawaya, na auna ƙirjinsu da igiya don in kintaci nauyi, na yi musu allura, na ƙara da ta ƙarin jini. Gwankin ne ya sa ni zufa. Naman daji ba saniya ba ne, in aka danne shi da ƙarfi tsoro kaɗai yana iya tsayar masa da zuciya. Kuma ban taɓa auna wa irinsa magani ba, wannan maganin kuwa in ya yi yawa shi ma kisa yake yi. Na gaya wa Inna haka ba ɓoye-ɓoye. Sai ta kori mazan da suka taru da igiyoyi. Ta kwance ɗankwalinta ta rufe masa ido, ta sa baki a kunnensa tana yi masa magana da yarensu, ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin jariri. Ta ɗaga mini gira. Na yi bisimilla na soka. Ya zabura sau ɗaya, ƙafarsa ta baya ta same ni a cinya, na zauna daɓas a kan kashin awaki, amma maganin ya riga ya shiga.

Bulus ya ce, "Sannu Likita. Ni ma haka yake mini, kishi na."

Da la'asar Maigari ya aiko a kira ni. Dogon dattijo ne, ba mai hayaniya ba, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Sansa ya mutu a farkon damina, gona tana jiran huɗa.

Ya ce, "Likita, mun gode da allura. Amma tun kakanninmu ba mu taɓa kwana da naman daji cikin gida ba. Da anka kawo shi, ga abin da munka gani. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, ba shi na ba?"

Na ce, "Baba, ba zan rantse maka cewa bai taɓa kwaso kaska daga daji ba. Shanunka ma suna kwasowa. Amma in kun yanka shi yau, ciwon ba zai bi shi ba. Ka ba ni farin ƙyalle in nuna maka inda yake."

Aka rasa farin ƙyalle a kusa, sai matar limamin cocinsu ta kawo wanda ake shimfiɗa wa teburi ranar Lahadi, ta ce in dai za a wanke. Na ɗaura shi a sanda, na ja shi a kan ciyawar fadamar da shanu suke kiwo, Maigari da mutanensa suna biye da ni kamar masu rakiyar amarya. Ban yi taki hamsin ba na juya ƙyallen. Ga su nan, 'yan ƙanana kamar ƙwayar gero, wasu ma ba su kai ba, suna ta tafiya a kan farin. Maigari ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗage ƙafar wandonsa, ya ga biyu suna hawa ƙwaurinsa. Ya kakkaɓe su. Da muka kusa gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "A bar maganar Lahadi tukuna. Mu ga abin da Allah zai yi."

Masaukina ɗakin ajiyar albasa ne, an share rabi an shimfiɗa mini tabarma da gidan sauro sabo. Har yau in na buɗe akwatina sai na ji ƙanshinta. Takalma kuwa, aka kawo mini na marigayi mijin Inna, irin na tayar mota, sun fi ƙafata da yatsa biyu. Ban roƙi wurin salla ba, na dawo na tarar an share gindin wata bishiya, an kewaye da duwatsu, an ajiye buta, an kuma ɗaure karnukan gidan nesa da wurin. Da za a yanka mini kaza, sai aka kawo ta da rai, da wuƙa, aka ce in yanka da hannuna don in ci da natsuwa. Mu a gari muna yawan maganar zaman tare, su ban ji sun ambace shi ko sau ɗaya ba.

Tuwon jar dawa suke yi, mai tauri, wanda in ka ci da rana ba ka neman komai sai gobe. Miyar kuka da kifin ragon ruwa, ba mai da yawa, ba maggi, daddawa ce kawai da barkono, amma na sha har na kunyata kaina. Maza suna zaune da ƙoƙunan burkutu, ni an dama mini kunun tsamiya a ƙwarya sabuwa. Wani tsoho da ya ɗan sha ya matso ya ce yana tausayina. Na ce ni ma haka. Muka yi dariya muka ci gaba da shan abinmu.

Ranar Juma'a aikin kaska muka wuni muna yi. Na nuna musu yadda ake kama ta daga kai a zare a hankali, kada a fizge a bar bakin a ciki, a jefa a wuta, kada a murƙushe da farce. Muka wanke shanun tungar gaba ɗaya da magani, na yi ta nanata cewa ko bokitin kada a ɗauraye a tafki, don kifi ba ya jure shi. Gado, da ya dawo karɓar rigar ruwansa, ya ce wannan magana ita ce mafi hankali da na yi tun da ya san ni. Shanun Maigari suka fara tuƙa kafin azahar. Gwankin kuwa yana nan kwance. Zafin ya sauka, amma ko ruwa sai Inna ta ɗura masa. Duk lokacin da na wuce sai ta dube ni, ni kuma in dubi ƙasa. A raina na fara shirya kalmomin da zan gaya mata.

Ranar Asabar da hantsi ina shan kunu sai na ji guɗa. Na tashi da gudu, takalman marigayi suna faɗuwa. Na tarar da shi tsaye, ƙafafu a warwatse suna rawa, yana fitsari, mata da maza sun kewaye shi suna kallo kamar ba su taɓa ganin fitsari ba. Bai washe sarai ba, amma jan ya tafi, ya koma kamar ruwan shayi marar ƙarfi. Da ya gama ya sa baki a ƙwaryar Inna ya fara lasar dusa. Ita ba ta yi guɗa ba. Ta juya mana baya tana gyara ɗaurin zane, ta daɗe tana gyarawa.

Jim kaɗan sai ga Maigari da dammin harawa a kafaɗa. Ya ajiye a gaban gwankin, ya ce wa Inna ragowar ta shanunsa ce, kada ta lalace. Kowa kuwa ya san ba mai ragowar harawa a farkon damina.

Da na koma Yelwa na duba gilasan nan a madubi, na ga ƙwayoyin bibbiyu a cikin jinin, na shanun da na gwankin iri ɗaya. Amma wannan daga baya ne. Abin da ya fi zauna mini shi ne rakiyar da Inna ta yi mini zuwa bakin ruwa ranar da zan taho. Ta haɗa mini kifin banda da ƙullin daddawa, ta hana Bulus ɗauka, ita ta saɓa a kafaɗa. Muna tafiya na ga ya kamata in gaya mata abin da ke raina. Na ce, "Inna, Auta namiji ne. Nan da shekara ƙahonin nan za su yi tsawo, zuciyarsa za ta canza. Ba zai zauna a bayan rumbu ba."

Ta ce, "Na sani. Ma'aikatan gandun daji sun zo, sun ce in ya ƙara ƙarfi su kai shi wurin 'yan uwanshi. Na ce to." Ta yi 'yan taki, sannan ta tsaya. "Abu ɗaya ke hana ni barci, Likita. Can cikin daji, wa zai cire mishi kaska?"

Ban shirya wa wannan tambaya ba. Na tsaya ina tunani, sai na tuna. Na ce, "Inna, kin san carki? Tsuntsun nan mai jan baki da ke hawa bayan shanu?"

Ta ce ta san shi.

Na ce, "A daji aikinsa ke nan. Yana bin gwanki tun safe, ya shiga kunne, ya bi wuya, ya zagaya wutsiya, yana tsince su ɗaya-ɗaya. Ya fi ni iyawa, kuma ba a harbinsa da ƙafa."

Ta dube ni da kyau, don ta ga ko lallashinta nake yi. Bulus ya ce mata gaskiya ne, shi ma ya karanta. Ta sauke kayan daga kafaɗa ta miƙa wa Gado, ta goge hannu a zane.

Ta ce, "Ashe ba ni kaɗai gare shi ba." Sai ta yi murmushi, karo na farko tun zuwana. "To, ka sauka lafiya, ɗana. Ka gai da mutanen gida."

Gado ya tayar da inji. Ba ta jira mun yi nisa ba, ta juya ta kama hanyar tunga da saurinta, don lokacin ba shi dusa ya yi.